Yaya ake ambaton tsarin mulkin jihohin Amurka da dokokinsu a rubutun shari'a?

Binta_Dokoki: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin shari'a a Amurka, wannan ne zangon karatuna na biyu. Rubutuna na ƙarshe a kan haƙƙin sirri ne da kare bayanan mutane, ina kwatanta sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya da abin da wasu jihohin Amurka suka tanada, musamman Kalifoniya da Fulorida da Ilinoyi. Na miƙa babin farko, malamar da ke duba aikina ta dawo min da shi duk ta ja layi a ƙarƙashin bayanan ƙasan shafi. Hujjata ba ta taɓa ba, yadda na ambaci dokokin ne ta ce bai yi ba. Na rubuta su yadda muka saba a gida, wato sashe kaza na tsarin mulkin Kalifoniya na 1879, da sashe kaza na dokar kaza ta shekara kaza. Ta ce in koma ga Bluebook, littafin ƙa'idojin ambaton dokoki da ake bi a Amurka. Na buɗe littafin amma ban san ta inda zan kama ba. Don Allah wanda ya bi ta wannan hanya ya taimaka min.

Barista_Fagge: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe, ba a yi shi don haka ba. Wurare huɗu kawai kike bukata yanzu. Ƙa'ida ta 11 ita ce ta tsarin mulki, ƙa'ida ta 12 ta dokoki, sai jadawalin T1 da ke bayan littafin inda aka jera jihohi 50 ɗaya bayan ɗaya da yadda ake rubuta kundin kowacce, sai T10 na taƙaita sunayen jihohi.

Tsarin mulki shi ne mai sauƙi. Sunan jiha a taƙaice, sai Const., sai babi da lambar Romawa, sai sashe da lambar da muka saba. Na Kalifoniya da kike nema shi ne Cal. Const. art. I, § 1. Na Fulorida kuma Fla. Const. art. I, § 23. Shi ke nan, babu ƙari.

Ɗan_Asabe88: Barista ai ka manta shekara. Dole ta sa 1879 a ƙarshe kamar yadda muke sa 1999 a namu, in ba haka ba yaya mai karatu zai san wanne ake nufi? Na san Kalifoniya ta yi wani a 1849 kafin wannan.

Barista_Fagge: Ban manta ba Ɗan Asabe. Wannan shi ne ainihin abin da malamar ta ja wa layi. A tsarinsu, muddin tanadin yana aiki a yau ba a sa masa shekara. Rashin shekarar shi ne yake gaya wa mai karatu cewa wanda ke aiki yanzu ake nufi. Sai in tsohon da aka ajiye kike so, sannan shekara take shigowa, kuma ba a ƙarshe take zuwa ba, tana bin sunan ne: Cal. Const. of 1849, sai babi da sashe su biyo baya. In kuma kundin yana nan amma an soke wannan tanadin kaɗai, sai a buɗe baka a ƙarshe a rubuta kalmar repealed da shekarar sokewa. Misalin da kowa ya sani shi ne gyara na 18 na tsarin mulkin tarayyarsu, wanda ya haramta giya, aka soke shi a 1933.

Ɗan_Asabe88: To na gane. Wato abin da muke yi kullum a gida, a can yana nufin kishiyarsa. Na gode da gyara.

Binta_Dokoki: Allah ya saka da alheri Barista. Ashe da na sa 1879 tamkar na ce mata tsohon rubutun nake nufi. Kuma kalmar sirri ma ba ta cikin sashen a 1879, masu zaɓe ne suka ƙara ta a 1972. Yanzu na ga dalilin da ya sa ta damu.

Maman_Hanif: Binta ki kula da abu ɗaya da ya taɓa kama ni. Kar ki ɗauka kowace jiha a babi na ɗaya take ajiye haƙƙoƙin jama'a. Montana a babi na biyu ta sa nata, kuma tanadinta na sirri yana daga cikin mafi ƙarfi a ƙasar, Mont. Const. art. II, § 10. In za ki faɗaɗa kwatancenki ki duba shi. Na Alaska yana art. I, § 22, na Hawai art. I, § 6, na Ilinoyi ma art. I, § 6 ne amma a haɗe yake da batun bincike da kama kaya. Sannan akwai waɗanda ba su da tsarin babi da sashe gaba ɗaya. Masachusets, wadda kundinta tun 1780 yake aiki, kashi-kashi ta raba nata, haka ma New Hampshire. A irin waɗannan za ki fara da pt. kafin art. New Hampshire ta ƙara tanadin sirri a 2018, ana rubuta shi N.H. Const. pt. I, art. 2-b. Ki bi yadda jihar ta raba kundinta, kar ki tilasta masa siffar na Kalifoniya.

Sarkin_Yaƙi_Kd: Ni dai ina karantawa ina mamaki. Wai kowace jiha da nata tsarin mulkin? To in na jiha ya saɓa da na tarayya wanne ake bi?

Malam_Tanko_Zariya: Na tarayya ne a sama in suka yi karo, babi na shida na kundinsu ya faɗi haka. Amma jiha tana da damar ba mutanenta haƙƙin da ya fi wanda tarayya ta ba su, ba ta da damar rage shi. Shi ya sa aikin Binta yake da ma'ana. A kundin tarayyar Amurka babu inda aka rubuta kalmar sirri ƙarara, kotuna ne suka ciro ta daga wasu tanade-tanade. Kalifoniya kuwa ta rubuta ta, har kotun ƙolin jihar ta yanke a 1994, a shari'ar Hill da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, cewa haƙƙin yana aiki a kan kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu, ba gwamnati kaɗai ba.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. A 1960 da 1963 kowane yanki yana da nasa tsarin mulki, Arewa da nata, Yamma da nata, Gabas da nata, kowanne da tambarinsa. Daga 1979 ne aka haɗe komai cikin kundi guda, shi ya sa yau gwamna da majalisar jiha duk a cikin kundin 1999 za ka same su. Ɗalibaina da yawa ba su taɓa jin wannan ba sai na kawo musu shi a aji.

Sarkin_Yaƙi_Kd: Ikon Allah. Malam wannan kam ban taɓa ji ba. Da an bar mana shi wataƙila da yawan rigimar da ake yi kan ikon jihohi ba ta taso ba.

Hajiya_Lauya: Sarkin Yaƙi wannan wata muhawara ce mai zaman kanta, a buɗe mata nata zaren. Yarinya na da aikin miƙawa. Binta, tsarin mulki ya wuce, saura dokoki, kuma a nan ne aikin yake. Abu na farko da za ki cire daga ranki shi ne sunan doka da shekararta. Mu a Najeriya da suna muke kiran doka, mu ce dokar shaida ta 2011 sashe na 84. Su a can in majalisa ta yi doka, sai a ɗauke ta a zuba cikin babban kundin dokokin jihar, kowane sashe a ba shi sabuwar lamba a wurin da ya dace da shi. Wannan lambar ta kundi ita ake ambata.

Dokar sirrin masu sayayya ta Kalifoniya ta 2018, wadda ake kira CCPA, tana zaune ne a kundin dokokin farar hula na jihar, daga sashe na 1798.100. Don haka za ki rubuta Cal. Civ. Code § 1798.100 (West 2024), in bugun 2024 kika duba. In kina so ki sa sunan dokar a gaba babu laifi, sai waƙafi, sannan ambaton kundin ya biyo.

West ɗin nan sunan kamfanin da ya buga kundin ne. Kalifoniya ba ta da bugu na gwamnati, kamfanoni biyu ne suke bugawa, West da Deering, sai ki sa wanda kika duba. A New York za ki ga McKinney, misali N.Y. Gen. Bus. Law § 899-aa (McKinney 2024), wato dokarsu ta sanar da mutane in an saci bayanansu. Fulorida kuwa gwamnati ce da kanta take buga kundinta duk shekara, saboda haka babu sunan kamfani, Fla. Stat. § 501.171 (2024) kawai.

Binta_Dokoki: Hajiya na gode ƙwarai. To Ilinoyi fa? Ita ce ta fi rikita ni. Na ga lambobi a gaba, lambobi a baya, da layi a tsakani, kuma babu alamar sashe.

Hajiya_Lauya: Haka take, kuma ba kuskure ba ne. Dokar bayanan jiki kike nufi, ta 2008, mai magana kan zanen yatsa da ƙwayar ido da fuska. Lambar farko babi ne, wadda ke bayan sunan kundi lambar dokar ce a cikin babin, wadda ke bayan layi ita ce sashe. 740 Ill. Comp. Stat. 14/15 (2024) na nufin babi na 740, doka ta 14, sashe na 15. Kar ki ƙara mata § don ki ga ta yi kama da sauran.

Abban_Sadiq: Ina da ja a kan shekara. Mu an koya mana cewa tun bugu na 21 na Bluebook da ya fito a 2020 an daina sa shekara a dokoki. Ni haka na yi nawa rubutun kuma babu wanda ya ce min uffan.

Barista_Fagge: Abban Sadiq rabin maganar ka riƙe. Sassaucin da bugu na 21 ya yi na kundin tarayya ne, wato U.S.C. Kana iya rubuta 42 U.S.C. § 1983 ka tsaya. Na jihohi ya bar su da shekararsu. In dokokin tarayya ka fi amfani da su a rubutunka, shi ya sa ba a tsayar da kai ba. Kuma bugu na 22 ya fito a 2025, don haka Binta ta tambayi makarantarta wanne suke bi, ta buɗe T1 na wannan bugun ta kwafi siffar kowace jiha daga can.

Abban_Sadiq: Gaskiya ne, nawa kusan duk na tarayya ne, kan shige da fice na yi. Amma har yanzu ina ganin shekarar ba ta da wani amfani tunda kowa a intanet yake dubawa.

Maman_Hanif: A aikin Binta kam tana da amfani sosai. Dokar Kalifoniya ta 2018 an yi mata babban gyara ta ƙuri'ar jama'a a Nuwamba 2020, gyaran ya fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Janairu 2023. Lambar sashen ba ta canza ba, 1798.100 ce kafin gyara da bayansa, amma abin da ke ciki ya canza. In ta ce sashen ya ce kaza ba ta faɗi na wace shekara ba, mai karatu zai buɗe ya ga wani abu daban ya ce ta yi ƙarya. Kuma a lura, shekarar da ke cikin baka ba shekarar da aka yi dokar ba ce. Shekarar kundin da aka duba ce. Mu da muka taso da tsarin gida nan ne muka fi faɗawa, sai mu rubuta 2018 don a 2018 aka yi ta.

Binta_Dokoki: Wallahi Anti abin da na yi ke nan, 2018 na sa a duka. To in a Westlaw, rumbun dokoki na intanet, na duba, ba littafi na ɗauko daga kanta ba, wace shekara zan sa?

Maman_Hanif: A ƙasan shafin kowane sashe Westlaw yana rubuta inda sabuntawarsa ta tsaya, wato zuwa wane zaman majalisa ko wane babi na wace shekara. Ƙa'ida ta 12.5 ta nuna yadda za ki ɗauki wannan bayanin ki sa a baka tare da sunan rumbun. Wasu malaman sun fi son wannan, wasu kuma sun fi son ki je laburare ki duba shekarar da ke gadon bayan littafin. Ni tawa malamar ta biyun ta so, na kwana biyu a laburare ina duba mujalladai. Ki tambayi taki kafin ki gyara bayanai sama da ɗari sau biyu.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Ku yi haƙuri masana, ni ba lauya ba ne, amma wannan duk ɓata lokaci nake gani. Yarinya ta bar gida ta je neman ilimi, kuɗi masu yawa aka kashe, sai a zaunar da ita tana ƙirga waƙafi da aya? In hujjarta daidai ce mene ne ruwan wani da inda ta sa ɗigo?

Alhaji_Tsohon_Magatakarda: Ɗana, na yi shekaru ina karɓar takardun lauyoyi kafin in yi ritaya, bari in gaya maka abin da na gani da idona. Wani matashin lauya ya taɓa shigar da takarda ya dogara kacokan da wani sashe na dokar shaida. Lambar da ya rubuta ta tsohuwar doka ce, wadda ke Cap E14, wato babi na E14 na kundin dokokin tarayya na 2004, alhali an soke ta tun 2011 an kawo sabuwa, lambobin sassa sun motsa. Alƙali ya buɗe sabuwar dokar a lambar da yaron ya bayar, ya tarar da magana daban. Abokin hamayyarsa bai sha wahala ba ranar. Wanda ya biya kuɗin wannan kuskure shi ne talakan da ya ɗauki lauyan, don sai da aka ɗage zama ya sake biyan kuɗin mota daga ƙauye.

Kai a kasuwa in ka aiki yaro ya karɓo kaya, ai kana gaya masa layi da lambar shago. In ka ba shi lambar da ba ita ba, ko kayan suna nan ba zai same su ba. Waƙafin kansa ba shi ne ba, na yarda da kai. Amma wanda ya saba kula da waƙafi shi ne zai lura cewa dokar da ke hannunsa an soke ta.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Baba na ji wannan, kuma na yarda da batun lamba. Amma lamba daban, tsayawa kan ko harafi babba ne ko ƙarami daban. Har yanzu ina ganin sun wuce gona da iri.

Malam_Tanko_Zariya: A kan wannan ba kai kaɗai ba ne. A Amurkar ma akwai manyan alƙalai da malamai da suka daɗe suna sukar littafin saboda girmansa da tsananinsa. Ya faro ne a 1926 yana ɗan ƙaramin abu, yau ɗaruruwan shafuka ne. Kuma ba gwamnati ce ta yi shi ba, editocin mujallun shari'a na jami'o'i huɗu ne suke tsara shi, Harvard da Yale da Columbia da Pennsylvania, kuma ɗalibai ne. Akwai wani jagoran da ake kira ALWD na malaman koyar da rubutun shari'a, akwai kuma Indigo Book wanda kyauta ne a intanet. Sai dai ɗaliba ba ta da zaɓi, abin da makaranta ta ce shi za ta bi.

Nana_Houston: Ina aiki a ofishin lauyoyi a Teksas shekara shida, kuma abin da zan ƙara shi ne Bluebook ba shi ne sarki a kotunan jihohi ba. Binta, in kin gama kika fara aiki za ki tarar kowace babbar jiha da nata salon. Mu a nan muna da ɗan littafin da ake kira Greenbook, shi ake bi a kan abin da ya shafi Teksas. A kotunan Kalifoniya za ki ga Civ. Code, § 1798.100 babu Cal. a gaba babu shekara a baya, domin jagoran salonsu haka ya ce, kuma dokar kotunsu ta 1.200 ta ba lauya zaɓi tsakaninsa da Bluebook, sharaɗin dai kar ya gauraya. A Fulorida juya abin suke yi, su fara da Art. I, § 23, sannan Fla. Const. A Ilinoyi 740 ILCS 14/15 suke rubutawa. A Jojiya OCGA, a Mishigan MCL, a jihar Washington RCW.

Na faɗi haka ne don wannan tarkon. Za ki karanta hukuncin kotun jiha, ki ga yadda alƙali ya ambaci doka, ki kwafe shi kai tsaye zuwa rubutunki kina ganin ai alƙali ba zai yi kuskure ba. Bai yi kuskure ba, amma salon kotunsa ya bi. Dole ki mayar da shi siffar T1.

Namu na Teksas in kina bukata, dokar bayanan jiki tana Tex. Bus. & Com. Code Ann. § 503.001. Ann. ɗin na nufin bugun da aka haɗa da sharhi da jerin hukunce-hukunce. Ba ko'ina ake sa shi ba. Teksas ana sawa, Kalifoniya ba a sawa duk da bugun nasu ma mai sharhi ne. T1 ne kawai zai gaya miki.

Binta_Dokoki: Anti Nana kamar kin leƙa fayil ɗina. Duk na Ilinoyi ILCS na rubuta don daga hukunci na kwafo.

Issoufou_Maradi: Gaisuwa daga Maraɗi. Ina bin zancen da sha'awa don namu tsarin ya bambanta da duka biyun. Mu ta hanyar Faransa muka gada, doka da lambarta da ranarta ake kiranta. Dokarmu ta farko kan kare bayanan mutane ita ce mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017. Lambar kanta ta gaya maka shekara, ranar kuma ta kai ka ga jaridar gwamnati. Kuma ba mu da jihohi masu yin doka, don haka wannan wahalar ta salo hamsin ba ta same mu ba.

Zango_Kumasi: Mu a Gana kowace doka da lambarta ta jere. Ta kare bayanai ta 2012 ita ce Act 843, kana faɗin lambar kowane lauya ya gane. Binta in kina son ƙasa ta uku a kwatancenki, sirri yana sashe na 18 na tsarin mulkinmu na 1992.

Hajiya_Lauya: Tunda an zo nan, Binta kar ki manta ɓangaren Najeriya na rubutunki shi ma Bluebook zai bi, ba salon gida ba. Ƙa'ida ta 20 ce ta dokokin ƙasashen waje, sai jadawalin T2 wanda tun bugu na 21 aka cire shi daga littafin aka mayar intanet, kyauta ake dubawa. Akwai shafin Najeriya a ciki. A nan shekarar 1999 za ta dawo, kuma alamar § za ki yi amfani da ita maimakon s ɗin da OSCOLA, salon ambato na Birtaniya, ta koya mana. CFRN, taƙaitaccen sunan tsarin mulkin Najeriya, kuma ki cire shi, malamarki ba za ta san shi ba. Dokar kare bayanai ta 2023 ba ta da lambar Cap tunda bayan kundin 2004 aka yi ta, kar ki ɓata lokaci kina nema.

Barista_Fagge: Wannan ya tuna min abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Muna nan muna koya wa ƙanwarmu yadda za ta ambaci dokokin jihohi 50 na wata ƙasa, kuma kowacce za ta same ta a intanet cikin minti biyu. Namu na jihohi 36 fa? Har yau akwai lauyoyin da ke rubuta Cap 89 na dokokin Arewa na 1963 in suna nufin kundin laifuka, alhali jihar da suke tsaye a cikinta tana da nata bugun, wasu ma kamar Kaduna sun yi sabuwar doka a 2017 lambobin sassa sun sauya. Na taɓa neman wata dokar jiha mako uku, a ƙarshe hoton takarda na samu a wayar wani abokin aiki, shafuka biyu ba sa karantuwa. Yaya za ka ambaci abin da ba ka ga cikakkensa ba?

Alhaji_Tsohon_Magatakarda: Barista ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A zamaninmu in gazet ta fito ana aiko wa kowace rajista kwafi, a ɗinke a ajiye. Kuma yara su riƙe bambancin nan: abin da majalisar tarayya ta yi Act ne, na majalisar jiha Law, sashe na 318 ya fayyace. Na soja kuma Decree a tarayya, Edict a jiha. Ina ganin takardu ana kiran dokar jiha Act, raina yana ɓaci.

Nana_Houston: Barista, a nan ma sai da aka yi shari'a kafin wasu su buɗe. Jojiya ta kai wata ƙungiya ƙara don ta sa kundinta mai sharhi a intanet kyauta, har kotun ƙoli ta yanke a 2020, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa jiha ba ta da haƙƙin mallaka a kan wannan sharhin.

Abban_Sadiq: Binta shawara ɗaya. Kar ki ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira su tsara miki ambato ki kwafa ido rufe. Siffar za ta fito tsaf amma lambar na iya zama ta ƙarya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 don sun miƙa shari'o'in da ba su taɓa wanzuwa ba. Kowace lamba ki buɗe ta ki gani da idonki.

Binta_Dokoki: In sha Allah. Saura ƙananan tambayoyi biyu. In na ambaci sashe sau ɗaya, a na biyu zan iya cewa supra, wato a duba ambaton da ya gabata a sama, kamar yadda nake yi wa littattafai? Sannan in sassa da yawa ne, et seq., wato da sassan da suka biyo baya, ya halatta?

Barista_Fagge: Duka biyun a'a. Supra ba ya shiga doka ko tsarin mulki. Ga tsarin mulki id., wato wanda aka ambata yanzun nan, shi ne kawai gajeren da aka yarda da shi, kuma sai in bayanin da ke samansa kai tsaye shi kaɗai ya ambata, in ba haka ba ki sake rubuta shi cikakke. Ga doka akwai gajeriyar siffa a ƙa'ida ta 12.10. Sassa da yawa kuma ki ninka alamar, §§, ki faɗi na farko da na ƙarshe. Ki bar tazara tsakanin alamar da lamba. In a tsakiyar jimlar rubutunki kike magana, ba a ƙasan shafi ba, ki rubuta kalmomin a cike, kar ki fara jimla da §.

Maman_Hanif: Kuma ki tambayi malamar ko salon mujalla take so ko na kotu. A na mujalla sunan kundi da Const. ana rubuta su da manyan baƙaƙe masu ƙaramin jiki, a na kotu, wato shuɗɗan shafukan farkon littafin, rubutu ne na yau da kullum. Alamar § a Windows ki danne Alt ki buga 0167, a Mac kuma Option da 6.

Ɗan_Kasuwa_Kwari: Manyan baƙaƙe masu ƙaramin jiki. Baba Magatakarda, wannan ma akwai talakan da zai cutu in ba a yi shi ba?

Alhaji_Tsohon_Magatakarda: Wannan kam babu, ɗana. Na bar maka shi.

Sarkin_Yaƙi_Kd: Malam Tanko, tsarin mulkin Arewa na 1963 ɗin nan, a ina mutum zai samu ya karanta? Kuma in Binta za ta ambace shi, da shekara ko babu?

Malam_Tanko_Zariya: Da shekara, tunda ba ya aiki. Ka duba laburaren tsangayar shari'a ta kowace tsohuwar jami'a, a mujalladin farko na dokokin Arewa na 1963. Zan duba nawa kwafin gobe in ɗauko maka hoton shafukan farko.

Binta_Dokoki: Na gyara bayanai 41 a daren nan, saura na Fulorida da na Najeriya. Na aika wa malamar tambaya kan salon mujalla da batun Westlaw, ranar Litinin za mu haɗu. Hajiya, na buɗe shafin Najeriya a T2, zan turo miki yadda na rubuta sashe na 37 ki duba min kafin in miƙa.